Me ya sa sabon injin harsashi kan ƙi aiki? Darasi daga masana'antar makamai ta Kaduna

A watan Agustan 2024, yayin da hukumar ƙera makamai ta Najeriya, wato DICON, ke bukin cika shekaru 60 da kafuwa, ƙaramin ministan tsaron ƙasar Bello Matawalle ya ce sojoji kaɗai na bukatar harsasai kimanin miliyan 200 a kowace shekara, kuma idan aka haɗa da 'yan sanda da sauran jami'an tsaro adadin zai kai miliyan 350.

Masana'antar da aka gina domin biyan wannan bukata tana yankin Kakuri ne, a kudancin kogin Kaduna. Lokacin da aka kafa ta a 1964, an tsara za ta riƙa samar da harsasai miliyan 16 a shekara.

Ga mazauna unguwanni irin su Kamazou da Sabon Tasha, waɗanda ke ƙaramar hukumar Chikun, wannan batu ya shafi rayuwarsu kai tsaye. A cikin wannan ƙaramar hukuma ce 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 100 daga makarantar sakandaren Bethel Baptist a watan Yulin 2021, kana suka kwashe 'yan makarantar Kuriga a watan Maris na 2024. Sojan da aka tura ya bi sawun irin waɗannan mahara ya dogara ne ga harsashin da ke cikin bindigarsa, kuma har yanzu kaso mai yawa na harsasan daga ƙasashen waje ake sayo su.

Tambayar da jama'a kan yi ita ce: tun da an sha ba da labarin sayo sababbin injuna, me ke hana su aiki yadda ya kamata? Amsar tana cikin yadda ake yin harsashin kansa.

Abubuwa huɗu a cikin harsashi ɗaya

Abin da ake kira harsashi a dunƙule haɗakar abubuwa huɗu ne. Akwai kwanso, wanda galibi da tagulla ake yin sa. Akwai albarushi da ke cikin kwanson. Akwai ƙwayar da ke fita daga bakin bindiga, wadda yawanci dalma ce da aka lulluɓe da wani ƙarfe. Sai kuma wata 'yar ƙaramar hula a gindin kwanson, wadda ke yin aikin ƙyastu: da zarar allurar bindiga ta doke ta, sai ta ba da tartsatsin da zai kunna albarushin.

Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan yana da nasa injuna da nasa ƙwararru. Saboda haka idan aka ce an sayo injin harsashi, a haƙiƙa jerin injuna ne da ke miƙa wa juna aiki, kamar yadda masaƙa ke da sashen kaɗi da na saƙa da na rini. Inji ɗaya ya tsaya, dukan jerin ya tsaya.

Abin da ya ƙara wa aikin tsanani shi ne ƙarfin da harsashi ke ɗauke da shi. A lokacin da aka harba bindigar soja, matsin da ke cikin kwanso ya ninka na iskar tayar mota fiye da sau 1,000, kuma duk wannan yana faruwa ne dab da fuskar mai harbin. Kuskuren da bai kai kaurin gashin kai ba a jikin kwanso na iya sa harsashi ya maƙale. Idan aka tsallake zuba albarushi a kwanso guda, ƙwayar na iya tsayawa a cikin bututun bindiga, harbi na biyu kuma ya fasa bindigar a hannun mai ita.

Wannan ne ya sa ake gina injunan da na'urorin da ke tsayar da aiki da kansu da zarar sun ga abin da bai dace ba. Sau da yawa injin da ake cewa ya ƙi aiki, aikin da aka tsara masa yake yi, wato ya ƙi karɓar kayan da ba su cika ƙa'ida ba.

Batun sake cika kwanso

A wasu ƙasashe, musamman Amurka, doka ta yarda mafarauta da masu wasan harbi su tara kwanson da suka harba su sake cika shi a gida da wani ƙaramin inji na hannu. Su ma sukan yi fama da sabon inji, kuma galibi matsalar daga saiti ce ko daga haɗa kayan da ba su dace da juna ba.

A Najeriya lamarin ya sha bamban. Dokar bindigogi ta 1959 ta haramta wa kowa ƙera bindiga ko harsashi, ko harhaɗa su, sai a wuraren da hukuma ta amince da su. Wanda aka kama yana cika kwanso a bayan gida, laifi ne da kan kai mutum gidan yari. Haka kuma galibin rundunonin soja na duniya ba sa sake cika kwanson da aka harba, sukan tattara shi ne a narke a matsayin tagulla.

Don haka a ƙasar, batun injin harsashin da ya ƙi aiki batu ne na masana'antar gwamnati, kuma tarihinta ya nuna yadda matsalar take.

Daga Jamusawa zuwa yau

Majalisar dokokin jamhuriya ta farko ce ta kafa hukumar a 1964. Kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya tsara masana'antar ya kuma gina ta, kamar yadda ya gina wa Sudan irinta a kusa da birnin Khartoum 'yan shekaru kafin nan.

Bisa tsarin farko, a kowace shekara za a ƙera bindigogi 5,000 samfurin BM59, da ƙananan bindigogi masu sarrafa kansu 18,000, da harsasai miliyan 12 masu awon 7.62 da 51, da kuma miliyan 4 masu awon milimita 9.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa injunan sun yi aiki ba dare ba rana. Da yaƙin ya ƙare sai ciniki ya faɗi, har ta kai ma'aikatar ta koma yin kujeru da tebura da kayan samar da ruwa a karkara domin ta riƙe ma'aikatanta.

A ƙarshen shekarun 1970 Najeriya ta sayi izinin ƙera bindigar FAL daga kamfanin FN na ƙasar Beljiyam, abin da ya bukaci sauya kayan aiki. A zamanin mulkin Olusegun Obasanjo na farar hula kuma aka fito da OBJ-006, wadda kwaikwayon AK-47 ce. A 2018 an rattaba hannu kan wata takardar fahimta da kamfanin PGZ na ƙasar Poland game da bindigar Beryl. A watan Nuwamban 2023 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar hukumar, wadda ta buɗe mata ƙofar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu.

Abin lura a nan shi ne, kusan kowane zamani ya zo da sabon abokin hulɗa, da sabon samfurin bindiga, da kuma kayan aikin da ba lallai su yi daidai da na baya ba.

Inda injiniyoyi kan fara dubawa

A bisa al'adar wannan sana'a, ana gwada inji sau biyu kafin a karɓe shi. Gwajin farko a ƙasar da aka ƙera shi, na biyu kuma bayan an kafa shi a inda zai zauna. Inji na iya cin gwajin farko ya faɗi na biyu, kuma a nan ne bincike kan soma.

Abu na farko da akan duba shi ne mazaunin injin. Injunan da ke buga tagulla suna da nauyi da girgiza, kuma idan daɓen da aka ɗora su bai daidaita ba, sassan da ya kamata su haɗu cif sai su riƙa kaucewa juna. Sannan a duba wutar lantarki, da iskar da ake matsawa domin motsa wasu sassa, da ruwan sanyaya inji.

Wutar lantarki babbar matsala ce a arewacin Najeriya. A watan Oktoban 2024 galibin jihohin yankin sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Sai dai ga irin wannan masana'anta, wutar da ke hawa da sauka ta fi ɗaukewar wuta gaba ɗaya illa. Injunan zamani kwamfuta ce ke sarrafa su, kuma 'yar tangarɗa kan sa su tsaya ko ta ƙona musu allon sarrafawa. Haka nan tandun da ake gasa tagulla a ciki yana bukatar zafi tsayayye. Idan wuta ta yanke a tsakiyar aiki, kayan da ke cikinsa sun lalace.

Abu na biyu shi ne mazubai, wato ƙarafunan da ke ba kwanso siffarsa. Ana fara kwanso ne daga ɗan faifan tagulla, a lotsa shi ya zama kamar ƙaramin kofi, sannan a riƙa jan sa mataki-mataki har ya yi tsawo. Kowane mataki da nasa mazubi, kuma mazuban suna cinyewa da aiki kamar yadda haƙoran injin niƙa ke cinyewa. Masana'antar da ba ta da sashen ƙera nata mazubai, dole ta jira a aiko mata daga waje, kuma jiran kan ɗauki watanni.

A nan ne ma batun awo ke shigowa. Bindigar FAL da G3 suna cin harsashi mai awon 7.62 da 51, irin na ƙungiyar tsaro ta NATO. Ita kuwa AK-47, wadda ta zama ruwan dare a hannun jami'an tsaron Najeriya, tana cin 7.62 da 39. Lamba ta biyu tsawon kwanso ce a ma'aunin milimita. Bambancin milimita 12 ne kawai, amma siffar kwanson ma ba ɗaya ba ce, kuma jerin injunan da aka saita domin ɗaya ba zai fitar da ɗayan ba sai an sauya mazubai da ma'aunai baki ɗaya.

Kayan haɗi

Idan mazauni da mazubai duk lafiya, sai a koma kan abin da ake zuba wa injin. Masu ƙera inji kan saita shi ne da kayan haɗi na wani kamfani takamaimai. Idan mai saye ya sayo tagulla ko albarushi daga wani wuri dabam saboda araha, sau da yawa sai an sake saiti tun daga farko.

Tagullar kwanso haɗi ne na jan ƙarfe kashi 70 cikin ɗari da tutiya kashi 30. Duk lokacin da aka ja ta sai ta ƙara tauri, don haka ake gasa ta tsakanin mataki da mataki domin ta yi laushi. Idan ta yi tauri da yawa sai ta tsage, idan kuma ta yi laushi da yawa sai ta manne a cikin bindiga bayan harbi.

Sojojin Ingila sun ga wannan a Indiya a zamanin mulkin mallaka, inda kwanson harsasansu ya riƙa tsagewa da kansa a lokacin damina. Sai a 1921 masana suka bayyana dalili: an riƙa ajiye harsasan a bargar dawaki, kuma sinadarin da ke tashi daga fitsarin dawakin ne ke cin tagullar da ba a gasa ta sosai ba.

Albarushi ma haka yake. A yaƙin Vietnam, bindigar M16 ta Amurka ta riƙa cijewa a hannun sojoji a fagen fama, har wasu suka rasa rayukansu. Kwamitin majalisar wakilan Amurka da ya binciki lamarin a 1967 ya gano cewa ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne an sauya nau'in albarushin da aka tsara bindigar da shi. Idan ƙasa kamar Amurka ta faɗa wannan rami, ke nan sayen inji mai tsada kaɗai ba ya kare kowa.

Yawan kayan da ake bukata ma ba kaɗan ba ne. Kwanson 7.62 da 51 guda ɗaya nauyinsa kimanin giram 12 ne. Ke nan harsasai miliyan 12 da aka tsara a 1964 suna bukatar tagulla kimanin tan 140 a shekara, ban da wadda ke zubewa wajen yanka.

Najeriya na da dalma da tutiya a ƙarƙashin ƙasa, musamman a yankin Abakaliki na jihar Ebonyi, amma galibi ɗanye ake fitar da su waje. Albarushin zamani kuwa ana samo tushensa ne daga auduga, wadda ake nomawa a Funtua da Gusau, sai dai sarrafa ta zuwa albarushi na bukatar masana'antar sinadarai ta musamman. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, da aka soma ginawa tun 1979 da fatan zai ciyar da masana'antu irin wannan, bai kai ga aiki gadan-gadan ba.

Sakamakon haka shi ne dogaro ga shigo da kaya, wanda ke bukatar kuɗaɗen waje da kuma izinin ƙasar da za ta sayar. Tun bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine a 2022, albarushi da sinadaran yin sa sun yi ƙaranci a kasuwannin duniya, inda manyan ƙasashe ke rige-rigen saye.

Daɗin daɗawa, waɗannan kaya suna da wa'adi. A ranar 20 ga watan Satumban 2025 an samu fashewa a masana'antar ta Kaduna, wadda ta yi sanadin asarar rai da jikkata wasu ma'aikata. Hukumar ta ce lamarin ya auku ne yayin da ake lalata tsofaffin kayan haɗi da wa'adinsu ya ƙare.

Hunturu da damina

Yanayin Kaduna na da nasa tasirin. Da hunturu iska kan bushe ƙwarai, ƙura kuma ta shiga ko'ina. Ƙurar kan toshe idon na'urorin da ke duba kwanso, sai inji ya ɗauka akwai matsala ya tsaya. Bushewar iskar kuma kan haifar da irin tartsatsin nan da mutum kan ji idan ya tuɓe rigar nailan da dare. A ɗakin da ake aiki da hular harsashi, wannan ɗan tartsatsi ya isa ya jawo bala'i.

Da damina kuwa laima ce ke shiga albarushi ta sauya yadda yake zuba da yadda yake ci. Wannan ne dalilin da ya sa ake bukatar ɗakuna masu na'urar daidaita zafi da laima, su kuma na'urorin wutar lantarki suke ci dare da rana.

Mutane da kasuwa

Akan haɗa cinikin inji da horar da ma'aikata, amma horon 'yan makonni ba ya mai da mutum gwani. Mai saita irin waɗannan injuna kan ɗauki shekaru kafin kunnensa ya riƙa gane matsala daga sautin inji. Idan masana'anta ta yi shekaru tana aiki jefi-jefi, tsofaffin hannu sukan yi ritaya ba tare da sun miƙa abin da suka sani ba, matasa kuma su nemi wani wurin.

Mazauna kudancin Kaduna sun ga irin haka a masaƙun Kakuri. Bayan rufe Kaduna Textiles da sauran masaƙu a shekarun 2000, dubban ƙwararrun ma'aikata sun watse, wasu suka koma acaɓa, wasu suka koma ƙauyukansu.

Sai kuma batun mai saye. Masana'antar harsashi ba ta da abokin ciniki sai gwamnati. Idan rundunonin tsaro ba su ba ta oda mai ɗorewa ba, ko suka karɓi kaya ba su biya a kan lokaci ba, ba za ta iya sayen tagullar shekara mai zuwa ba. Masu lura da al'amuran tsaro sun daɗe suna nuni da cewa kwangilar sayo makamai daga waje ta fi jan hankalin wasu jami'ai, saboda abin da ke cikinta.

Haɗarin dogaro ga waje ya fito fili a 2014, lokacin da yaƙi da Boko Haram ya yi tsanani. Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, bisa zargin take haƙƙin bil'adama. A watan Satumban shekarar kuma hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgin sama da ya taso daga Najeriya, waɗanda aka ce na sayen makamai ne.

Girman aikin da ke gaba

Najeriya ba ita kaɗai ke wannan fafutuka a nahiyar Afirka ba. Kenya na da masana'antar harsashi a Eldoret, wadda aka gina da taimakon kamfanin FN a shekarun 1990. Tanzaniya na da tata a Morogoro. Afirka ta Kudu ce ta fi nisa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne masana'antarta da ke Pretoria tana narka tagullarta da kanta.

Ɗan lissafi zai nuna girman giɓin. Jerin injuna na zamani kan fitar da harsasai fiye da 100 a minti ɗaya. Idan aka ɗauka yana fitar da 120, yana aiki sa'o'i 8 a rana har kwanaki 250 a shekara ba tare da tsayawa ba, zai samar da harsasai miliyan 14.4. Kafin a kai miliyan 350 da ministan ya ambata, sai an jera irinsa kimanin 24, ko kuma a sami kashi ɗaya bisa uku na haka suna aiki dare da rana, kowanne da tagullarsa da albarushinsa da wutarsa.

Sabuwar dokar 2023 ta jawo kamfanoni masu zaman kansu da dama sun ƙulla yarjejeniya da hukumar, kuma an soma harhaɗa wasu bindigogi a Kaduna. Ko wannan karon zai bambanta da na baya, zai dogara ne ga abubuwan da ba a cika nunawa a ranar bukin buɗe masana'anta ba: inda za a samo tagulla da albarushi, da wanda zai ƙera mazubai idan na farko sun cinye, da tsayayyar wutar lantarki, da kuma ko rundunonin tsaro za su riƙa saye suna biya a kan lokaci.